Komawa Bakin Aiki Bayan Jinyar Ƙari A Ƙwaƙwalwa

Ranar da aka sallamo mutum daga asibiti bayan an yi masa aiki a ka, 'yan'uwa da abokan arziki sukan cika gida da barka, kowa yana ganin wahala ta ƙare ke nan. Shi kuwa majinyacin, da zarar ya fara samun kansa, ba abin da yakan tsaya masa a rai kamar aikinsa. Kuɗin jinya sun cinye ɗan abin da aka tara, wataƙila har an sayar da gona ko an ci bashi. Ga cefane, ga kuɗin makarantar yara, ga kuma fargabar kada a ɗora wani a kan kujerarsa. Don haka duk zuwan da ya yi asibiti tambayarsa ɗaya ce, watau yaushe zai koma.

An shirya wannan bayani ne domin irin wannan ma'aikaci, da iyalinsa, da shugabansa na wurin aiki, da kuma waɗanda suke zama ofis ɗaya ko rumfa ɗaya da shi. Mutane da yawa da aka yi wa jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa sun koma bakin aikinsu, sun ci gaba da riƙe gidajensu shekara da shekaru. Amma akwai abin da ya bambanta wannan jinya da ta karaya. Mai karaya kowa yana ganin ɗorinsa, ba mai aza masa kaya. Wanda aka yi wa aiki a ka kuwa, cikin 'yan makonni ɗinki ya warke, gashi ya tsiro ya rufe tabo, hula ko ɗankwali ya rufe saura, sai a ɗauka ya warke sarai, alhali kuwa ƙwaƙwalwa tana can tana gyara kanta sannu a hankali, aikin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma aiki suka kasa, ba don aikin ya fi ƙarfinsu har abada ba ne. Sun koma ne da wuri, kuma suka ɗauki kayan duka rana ɗaya.

Ƙari Iri-Iri Ne

Ƙari shi ne nama da ya tsira inda bai kamata ba. A cikin kai yana da wata matsala ta daban, domin ƙoƙon kai ƙashi ne rufaffe, ba ya buɗawa. Duk abin da ya tsira a ciki, ko da ba mugu ba ne, zai danne ƙwaƙwalwa. Likitoci sun san irinsa fiye da 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sabunta tsarin rabe-rabensu a 2021, ta kasa su mataki 1 zuwa 4 bisa ga saurin girmansu da halinsu. Wanda aka fi samu cikin waɗanda suke farawa a kai shi ne meninjiyoma, wanda yake tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ya fi kama mata, kuma galibinsa ba daji ba ne. Akwai na fituwitari, wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki. Akwai na jijiyar ji, mai kashe kunne ɗaya. Sa'an nan akwai dangin giliyoma, masu fitowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, waɗanda mafi tsananinsu shi ne giliyobilastoma, mai mataki na 4. Wani kuma ba a kai ya fara ba, daji ne na huhu ko na nono da ya yaɗu ya kai can.

Dalilin kawo waɗannan sunaye shi ne don a gane cewa mutum biyu suna iya cewa an cire musu ƙari a ka, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kuskure ne shugaba ya ce ai wane ma an yi masa irin wannan aiki ya dawo bayan wata biyu.

Shekarun baya kusan duk wanda ya sami wannan ciwo a ƙasar nan ba a ma gane abin da ke damunsa. Farfesa Latunde Odeku ne ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. Na'urar ɗaukar hoton cikin kai da ake kira siti sikan kuwa, sai a 1971 aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan. Yanzu ana yin tiyatar ƙwaƙwalwa a manyan asibitoci na Ibadan, da Legas, da Inugu, da Abuja, da Zariya, da Kano, da Sakkwato. Saboda haka masu tashi daga wannan ciwo sun ƙaru, kuma batun komawarsu aiki ya zama abin da ya shafi kowace ma'aikata.

Abin Da Jinya Take Bari A Jiki

Jinyar iri uku ce, akan yi ɗaya ko a haɗa: tiyata, da gashi da hasken na'ura, da magunguna masu kashe ƙwayoyin daji. A tiyata akan yanke ɓangaren ƙoƙon kai a cire ƙarin a mayar da ƙashin, kuma ƙashin yana bukatar makonni kafin ya kama. Gashi, ga mai ƙari mai tsanani, galibi mako 6 ne, kwana 5 a kowane mako, watau zama 30. Maganin da aka fi haɗawa da shi, temozolomayid, akan sha shi kullum lokacin gashin, daga baya kuma kwana 5 cikin kowane kwana 28 har zagaye 6. Yana rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, don haka mai shansa ya guji cunkoso da masu mura ko tari.

Babban abin da ke biyo baya shi ne gajiya. Ba irin gajiyar wanda ya yini a gona ba ce, wadda barcin dare ɗaya ke kawarwa. Mutum zai tashi da safe garau, ya yi aikin awa biyu ko uku, sai ya ji kamar an zare masa laka. Rubutu ya daina shiga kansa, hirar mutane ta zama hayaniya. Abin mamaki, sau da yawa takan fi tsanani bayan an gama gashi, ba lokacin da ake yinsa ba, har waɗansu sukan yi ta barci makonni kaɗan bayan zaman ƙarshe. Wanda bai san haka ba sai ya ce lalaci ne, shi kansa majinyacin ma yakan zargi kansa.

Na biyu shi ne abin da ya shafi tunani. Kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Gaban kai shi ne mai tsara abubuwa, da riƙe hali, da kame baki. Gefen hagu, ga mafi yawan mutane, shi ne mai magana da fahimtar magana. Ƙeya ita ce mai gani, ƙasanta kuma akwai sashen da ke daidaita tsayuwa da tafiya. Har wa yau gefen dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma dama. To, inda ƙarin ya zauna, da inda wuƙa ko hasken gashi suka bi, su ne za su nuna abin da zai ragu. Alal misali, akawun da ya shekara 15 yana haɗa lissafin albashi yana iya tarar da cewa lissafin yana nan a kansa, amma in waya ta yi ƙara yana tsakiyar shafi, sai ya rasa inda ya tsaya. Malamar makaranta tana iya sanin darasinta sarai, amma kalma ta maƙale mata a gaban aji. Wani kuwa da aka san shi da haƙuri sai ya zama mai saurin fushi. Ilmin mutum da ƙwarewarsa galibi suna nan. Abin da ya ragu shi ne sauri, da iya riƙe abu biyu a lokaci ɗaya.

Magungunan ma da nasu rabon. Deksametason, wanda ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa, yana sa ƙiba da kumburin fuska, yana hana barci, yana tayar da sukarin jini, yana raunana cinyoyi har hawan bene ya yi wuya. Ba a daina shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Cikin magungunan farfaɗiya, lebetirasetam yana sa waɗansu ƙunci da saurin fushi, kabamazefin da fenitoyin kuma sukan kawo jiri da gyangyaɗi. Wanda aka yi wa aikin fituwitari yana iya bukatar shan sinadaran da jikinsa ya daina yi har iyakar rayuwarsa, wani kuma yakan yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari; irin wannan, kusantar da teburinsa ga bayan gida ba ƙaramin taimako ba ne.

Darasi Daga Wata Ministar Ingila

Akwai labarin da ya cancanci a yi nazarinsa, domin ya ƙunshi nasara da kuma abin lura. Marjorie Mowlam, wadda aka fi sani da Mo Mowlam, 'yar majalisar dokokin Ingila ce daga jam'iyyar Leba. 'Yan watanni kafin babban zaɓen Mayu 1997 aka gano tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Aka yi mata gashi aka ba ta maganin rage kumburi, gashin kanta ya zube, jikinta ya yi nauyi. Da farko ta ɓoye, har sai da waɗansu jaridu suka shiga yi wa kamanninta ba'a, sa'an nan ta fito ta faɗi dalili. Jam'iyyarta ta ci zaɓe, Firayim Minista Tony Blair ya naɗa ta ministar Ailan ta Arewa, yankin da aka shekara kusan 30 ana zubar da jini. A Janairu 1998 ta shiga kurkukun Maze da ƙafarta ta gana da fursunonin ƙungiyoyin 'yan bindiga don kada tattaunawa ta wargaje, kuma ranar 10 ga Afrilu 1998 aka cimma yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfas. An san ta da cire hular gashinta ta ajiye a kan tebur a tsakiyar taro in zafi ko gardama ta ishe ta.

Wannan ya isa shaida cewa ciwon ba ya kashe basira. Amma labarin bai tsaya nan ba. Ta bar majalisa a 2001, daga baya ta yi fama da rashin daidaiton tafiya, wanda aka danganta da gashin da aka yi mata, ta faɗi ta bugu a ka, ta rasu a Agusta 2005. A 2010 likitanta ya bayyana cewa ƙarin nata mugu ne tun farko, amma ta gaya wa shugabanta da jama'a cewa ba mugu ba ne. Har yau mutanen ƙasarta suna saɓani a kan ko ta kyauta. Ta ji tsoron in ta faɗi gaskiya za a hana ta muƙamin, kuma mai yiwuwa tsoronta yana da tushe. Abin da ya kamata shugabanni su lura da shi ke nan: inda ma'aikaci ya san faɗin gaskiya zai jawo masa kora, ɓoyewa zai yi, kuma wanda ya ɓoye ba mai iya taimakonsa. Ga ma'aikata kuma, illar gashi tana iya bayyana bayan shekaru, don haka ganin likita ba ya ƙarewa ranar da aka koma ofis.

Yaushe, Kuma Ta Yaya

Likitan da ya yi jinyar shi ne mai yanke lokaci. Ga wanda aka yi wa tiyata kaɗai, ba tare da wata tangarɗa ba, akan yi maganar mako 6 zuwa wata 3. Mai gashi da shan magani kuwa yakan fi haka nesa ba kusa ba. Amma likita ba zai iya ba da shawara mai kyau ba sai ya san aikin. Bai isa a ce masa "ni ma'aikacin gwamnati ne" ba. A bayyana masa ko aikin na zama ne ko na tsayuwa, ko akwai hawa sama, ko inji, ko tuƙi, ko aikin dare, da kuma nisan gida da wurin aiki. Mai zama a Maraba yana aiki a tsakiyar Abuja, ko mai ƙetare gadar Legas kullum, yana iya ƙarar da ƙarfinsa na yini a cikin mota tun bai sa hannu a rajista ba. Sa'an nan a roƙi likita ya rubuta takarda mai faɗin abin da mutum zai iya, da abin da ba zai iya ba tukuna, da ranar da za a sake dubawa.

Kafin ranar komawa yana da kyau mutum ya gwada kansa a gida: ya riƙa tashi lokacin da yakan tashi don aiki, ya zauna ya yi karatu ko lissafi na awa ɗaya, gobe awa biyu, yana lura da lokacin da kansa yake ɗaukar zafi. Wannan zai nuna masa gaskiyar ƙarfinsa fiye da yadda masu zuwa gaisuwa za su gaya masa.

Komawar kanta a yi ta hawa-hawa. Ana iya farawa da rabin yini, kwana 2 ko 3 a mako, ba a jere ba, a yi haka mako biyu, in jiki ya karɓa a ƙara. Aiki mai bukatar natsuwa a sa shi da safe. A ba mutum wurin da ba hayaniya, a riƙa ba shi umarni a rubuce, abu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya riƙe ɗan littafi ko ya sa wayarsa ta riƙa tuna masa. Hutun minti 10 kafin gajiya ta zo ya fi hutun awa ɗaya bayan ta kayar da shi. Akwai tarko guda da kusan kowa yake faɗawa: ranar da mutum ya ji daɗin jikinsa sai ya ce bari ya rama aikin da ya taru, ya yini har magariba, sa'an nan ya kwanta kwana uku. In aka ga haka, ba alamar kasawa ba ce, a koma matakin baya a sake hawa.

Wanda ɓarin jikinsa ya yi rauni ya ci gaba da zuwa sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, mai matsalar magana kuma ya nemi masu koyar da magana inda akwai su. A ba shi izinin waɗannan ranaku, da na ɗaukar hoton maganaɗisu, wanda a asibiti ake ce wa MRI, da akan maimaita bayan 'yan watanni da farko, daga baya a riƙa tsawaita tazara. Mako ɗaya kafin hoton da yawa sukan shiga zulumi su kasa barci. Abokin aiki mai hankali zai gane.

Farfaɗiya, Tuƙi Da Ayyuka Masu Haɗari

Nan ne batun ya wuce na mutum ɗaya, ya shafi rayukan waɗansu. Ƙari ko tabon da ya bari yana iya jawo farfaɗiya, ko da mutum bai taɓa yi ba. Wani gani yake rasawa ta gefe ɗaya bai sani ba, sai ya riƙa karo da ƙofa. Saboda haka kada wanda aka yi wa wannan jinya ya kama sitiyari ko ya hau babur sai likita ya yarda. A Ingila dokar lasin tana dakatar da mutum wata 6 bayan tiyatar meninjiyoma marar tsanani, shekara 2 kuma ga mai ƙari na mataki na 3 ko na 4, ƙa'idar masu manyan motoci da bas kuwa ta fi haka tsauri. Wannan ya nuna girman abin. Direban ma'aikata, da mai tuƙa tanka, da ɗan acaɓa, da mai hawa falwaya, da birkila a kan bene, da mai injin niƙa ko na yankan katako, da masunci, da mai ɗaukar bindiga, duk suna bukatar a sauya musu aiki na wani lokaci. Direban da aka mayar ofishin kula da motoci yana riƙe rajistar mai da gyara bai ƙasƙanta ba, kuma ma'aikata ba ta yi asarar saninsa ba.

Abubuwan da suka fi tayar da farfaɗiya su ne tsallake magani, da rashin barci, da zazzaɓi, da barasa. Don haka aikin dare bai dace da mai ita ba. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likita tun da wuri a daidaita masa lokutan shan magani.

Lalle ne mutum ɗaya ko biyu a wurin aiki su san abin yi in ta tashi. A kawar da kujeru da abubuwa masu kaifi, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. In jijjigar ta tsaya a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kai ƙafarsa wuta ko a yi masa hayaƙi. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, a garzaya asibiti. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta taɓa jiki, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, haka nan ƙarin kansa. Gudun da mutane suke yi su bar mutum a ƙasa shi kaɗai, da ware masa kofi bayan ya tashi, ya kori mutane daga aiki ba tare da an rubuta musu takardar kora ba.

Wa Za A Gaya Wa

Ciwon mutum sirrinsa ne, ba dole ne dukan ofis su ji ba. Amma shugaban da zai rage masa awoyi tilas ya san dalili, kuma in aikin ya shafi lafiyar jama'a, ɓoye farfaɗiya ko raunin gani ba daidai ba ne. Ba sai an yi dogon bayani ba. Ya isa ma'aikaci ya miƙa takardar likita ya ce, "Ranka ya daɗe, na sami sauƙi kuma ina son aikina. Likita ya ce in fara da rabin yini na wata guda, kuma ban da tuƙi tukuna." Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi a sa a fayil, gama shugabanni suna sauyawa, wanda ya zo daga baya kuwa takarda kaɗai zai gani.

Abokan aiki kuma su kiyayi abu biyu. Ɗaya shi ne yawan "sannu" da kallon tausayi, da ɗauke wa mutum kowane aiki har ya ji ya zama kujera. Ɗayan shi ne gunaguni cewa wane yana tashi sha biyu alhali ga shi garau.

Abin Da Doka Ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, in likita mai rajista ya tabbatar. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma dokar ta fi shafar leburori da akawuna, ba manyan jami'ai ba. A bayyane yake kwana 12 ba su kai ko'ina ba a irin wannan jinya, don haka ma'aikacin kamfani ya duba takardar ɗaukarsa aiki da yarjejeniyar ƙungiyarsu ta ƙwadago, domin sau da yawa sun ba da fiye da haka. Ma'aikacin gwamnati kuwa, in jinya ta yi tsawo, akan gabatar da shi gaban kwamitin likitoci, su ne za su ce a ƙara masa hutu, ko ya koma, ko a sallame shi. Kada ya je gaban kwamitin hannu rabbana. Ya tafi da rahoton likitan da ya yi masa aiki da sakamakon hotunansa.

In ciwon ya bar naƙasa mai ɗorewa, ta gaɓa ko ta gani ko ta ji ko ta tunani, akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019. Ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna bambanci, da Naira 1,000,000 ga kamfani, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Rigimar aiki da ta gagari sulhu kuwa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin saurarenta. Shawara guda mai muhimmanci: kada majinyaci ya rubuta takardar ajiye aiki yana kwance, ko cikin makonnin farko da zuciya take a karye, ko da wani ya ce hakan ya fi masa mutunci.

Masu Sana'ar Kansu

Mafi yawan 'yan ƙasa ba su da fayil ko hutun albashi. Tela, da ɗan tireda, da manomi, da mai sayar da abinci, ranar da ba su fita ba babu. Su ne suka fi saurin komawa da wuri, alhali suna da wata dama da ɗan albashi ba shi da ita, watau su ne masu tsara lokacinsu. Ɗan kasuwa yana iya fita da hantsi ya dawo azahar, ya bar wa ɗa ko yaron shago ragowar yini, ya kuma riƙa rubuta bashi nan take maimakon dogara ga ka kamar dā. Manomi ya bar huɗa da tsakar rana, kada kuma ya je fadama ko bakin rijiya shi kaɗai. Mai tuya, in tana da farfaɗiya, ta koma karɓar kuɗi ta bar wa wata bakin kasko.

Alamun Da Ba A Jira Da Su

Ko an koma aiki lafiya, akwai alamun da in sun bayyana sai a nufi asibiti a ranar: ciwon kai sabo mai ƙaruwa, musamman da asuba tare da amai, farfaɗiya sabuwa ko wadda ta sauya kama, raunin hannu ko ƙafa, harɗewar magana, gani biyu-biyu, yawan barci ko ruɗewa, zazzaɓi ga mai shan maganin daji, da kumburi ko ruwa daga wurin ɗinki. Sau da yawa na kusa ne suke fara lura kafin mai jikin.

In Aikin Ya Gagara

Akwai waɗanda, duk da ƙoƙari, ba za su iya komawa aikinsu na dā ba, ko dai don irin ƙarin, ko don girman abin da ya taɓa. Wani ƙaramin matsayi zai karɓe shi, wani kuma hutawa ce ta fi masa, ya ba iyalinsa sauran ƙarfinsa. Dokar fansho ta 2014 ta hana taɓa asusun ajiyar fansho kafin shekara 50, amma ta keɓe wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Irin wannan yana iya neman haƙƙinsa daga kamfanin da ke riƙe da asusunsa ko da bai kai shekarun ba. Dokar ta kuma yarda cewa in daga baya likitoci suka tabbatar ya sami lafiya, ya kuma sami wani aikin, yana iya komawa cikin tsarin ya ci gaba da tara fanshonsa.